Zuwa Ga Ɗiyata da Ke Karatu a Suwidin

Ɗiyata abar ƙaunata,

  Mu nan kowa lafiya. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Na ga abin da ya ɗaure miki kai. Kin ce tsohuwar da kike haya a gidanta a Uppsala ta gaya miki da bakinta ba ta yarda akwai Allah ba, amma tun farkon Disamba ta rataya tauraro a taga, ta kunna kyandirori, tana shirin Kirsimeti ka'in da na'in. Kika ce, “Baba, wannan ba munafunci ba ne?” A'a, ɗiyata, ba shi ba ne. Bari in gaya miki dalili.

Ki fara da leƙa tagar ɗakinki. A tsakiyar Disamba rana ba ta wuce awa shida a garinku, kafin ƙarfe uku ta faɗi. Can arewa a Kiruna kuwa sai a yi makonni ba ta ɓullo ba. Dare mafi tsawo yakan zo ranar 21 ko 22 ga wata, daga nan yini ya soma ƙaruwa. Mutanen arewacin Turai sun daɗe suna taruwa su ci su sha a wannan tsakani tun kafin Kiristanci ya iso musu, Rumawa ma suna da shagalinsu na Saturnalia da ke farawa 17 ga Disamba. Linjila ba ta ambaci ranar da aka haifi Annabi Isa, alaihis salam, ba. Shaida mafi daɗewa ta bikin 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Rum a shekarar 336. Ashe duhu da sanyi sun riga coci tara mutane a wannan wata. Shi ya sa ranar 13 ga Disamba za ki ga yarinya cikin farar riga da kambin kyandirori a ka tana jagorantar jerin gwanon Lusiya a makarantu da asibitoci, mai imani da marar imani duk sun fito kallo.

Ni a Mosko na fara gane wannan, lokacin da nake ɗalibi zamanin Tarayyar Sobiyet. Gwamnatin can ta ɗauki rashin addini a matsayin aƙidarta. A 1929 ta soke hutun Kirsimeti, bishiyar da ake yi wa ado don yara ma ta zama abin ƙyama. Amma ranar 28 ga Disamba 1935 wani jigon jam'iyya, Pavel Postyshev, ya rubuta a jaridar Pravda cewa a mayar wa yara bishiyarsu. Aka mayar, sai dai aka kai ta daren sabuwar shekara, aka ɗora mata jan tauraro. Har yau a Rasha wannan daren ne babban bikin iyali, ko da yake Kirsimetinsu na 7 ga Janairu ya dawo ranar hutu a 1991. Abokan karatuna da ba su taɓa shiga coci ba sukan bi dogon layi cikin ƙanƙara don su samo wa ƙannensu lemun tanjarin. Hukuma ta iya rufe majami'u, amma ba ta iya raba uwa da son ganin ɗanta yana murna ba.

Da za ki zauna da tsohuwar nan, na san kusan abin da za ta ce: ita ba haihuwar kowa take yi wa biki ba. Tana so jikokinta su taru a gabanta ranar 24 ga wata, ta dafa abin da mahaifiyarta take dafawa, ta tuna waɗanda suka rasu, ta ba wanda ba shi da shi. Ko Richard Dawkins, masanin Ingila da ya yi suna wajen musun samuwar Allah, ya faɗa a fili cewa yana son waƙoƙin Kirsimeti, domin cikin al'adar ya tashi. Ba kowa ya yarda da su ba. Akwai Kiristoci masu riƙo da ke ganin an cire wa ranarsu ruhi an bar saye da sayarwa, akwai kuma marasa addinin da ke ƙaurace mata ɗungum.

Ni da ke mun yi imani, kuma a wurinmu Sallah ba ta cika sai an je Idi. Ban yarda da ra'ayin matar nan game da Ubangiji ba, ke ma ba sai kin yarda ba. Amma munafuki shi ne mai nuna abin da babu a zuciyarsa, ita kuwa ta gaya miki gaskiyar abin da ke ranta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Wannan ya cancanci girmamawa.

Ki tuna yadda muke aika wa maƙwabtanmu Kiristoci naman layya, su kuma su aiko mana da shinkafa ranar Kirsimeti, ba wanda addininsa ya ragu. Malamai sun saɓa kan zama a taron Kirsimeti irin nata, don haka ki bi abin da zuciyarki ta natsu da shi. In kin zauna, ki sani akwai naman alade a teburinsu da giya mai ɗumi da suke kira glögg, ki faɗa mata tun da wuri cikin ladabi. In ba ki zauna ba, kada ki bar ta da fuskar shanu. Ki gaishe ta, ki taya ta ɗaukar kaya, ki leƙa ta bayan baƙi sun watse, don a lokacin kaɗaici ya fi damun tsofaffi. Zumunci a ƙafa yake.

Idan Sallah ta zo, ki yi tuwo da miyar taushe ki kai mata, ki gaya mata abin da ranar take nufi a wurinmu. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki rufe jikinki da kyau saboda sanyi. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Naki,
Babanki