Sanyin Houston na 2021

A tsakiyar Fabrairun 2021 masu hasashen yanayi suka yi ta shelar cewa wani sanyi na tafe Texas, irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Mu mutanen Houston, garin da rigar sanyi ɗaya take fitar da mutum shekara, muka bazama kantuna. Kafin yammacin Lahadi 14 ga wata, burodi da ruwan roba sun yi wuyar samu a unguwarmu.

Wanda ya tashi a Kano ba sai an koya masa zama babu wuta ba. Maiɗakina ta cika bahon wanka da tukwane da ruwa, ta soya nama mai yawa. Ni kuma na yi cajin wayoyi da tocila, na cika tankin mota.

Sauran shirin wani dattijo maƙwabcinmu ne ya nuna mana. A gidajen Houston da yawa bututun ruwa ta cikin rufi yake bi, ba a lulluɓe ba. Ruwa in ya daskare sai ya kumbura ya fasa bututun, kai kuwa ba ka da labari sai ya narke ya ɓarko ta silin. Ya sa na naɗe famfunan waje da tsumma, ya nuna mini inda ake kulle ruwan gidan gaba ɗaya.

Cikin daren nan aka ɗauke wuta. An ce karɓa-karɓa za a yi, amma wasu unguwanni kwanaki suka yi a duhu. Gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4 abin ya shafa a faɗin jihar Texas. Rijiyoyin gas sun daskare, tashoshin wuta sun tsaya, ga shi layin wutar Texas zaman kansa yake, abin da zai iya jawowa daga maƙwabta kaɗan ne.

Muka tattaru a ɗaki ɗaya, muka toshe ƙasan ƙofa da tawul, muka rataya barguna a taga. Da sanyi ya ci tura, maiɗakina ta ce, "Malam, ko mu shigo da gawayin gashin nama?"

A gida tsofaffi kan kwana da kaskon wuta lokacin hunturu, to amma ɗakin soro iska na ratsa shi. Waɗannan gidaje a toshe suke ruf, kuma gubar da ke fita daga gawayi da janareta ba ta da wari. Muka haƙura da barguna. A makon nan akwai waɗanda suka rasu don sun bar mota a kunne cikin gareji suna jin ɗumi. Daga baya hukumomin jihar suka ƙidaya mutum 246 da bala'in ya kashe.

Da wuta ta dawo sai aka koma kukan ruwa. Aka ce kowa ya tafasa na famfo kafin ya sha, in ma ya zo. Masu gyaran famfo kuwa sai ka yi makonni kana jiransu. Ruwan bahon nan da shi muka yi alwala, muka kora bayan gida, har maƙwabta suka riƙa zuwa da bokiti.