Sanyin Yerwa da Hitar Motata



Lokacin da na baro Katsina na zo garin nan, zafi kawai aka yi ta tsorata ni da shi. Ba wanda ya ba ni labarin sanyin watan Janairu, wanda in ka taɓa ruwan buta da asuba sai ka ji kamar an yanke ka da reza. To, mutum dai ya sa rigar sanyi. Ita motar gas fa?

Ina da wata tsohuwar Kanta da muke ɗaukar bandar kifi da ita daga kasuwar hanyar Baga zuwa Kano. A Janairun 2025 ta soma yi mini gardama. Da rana tana tashi bugu ɗaya, amma da asuba sai a yi ta murza makulli, injin na juyawa, farin hayaƙi na fita ta salansa, ita kuwa ko gezau. Yaron motata ya ce batir ne. Ban tsaya bincike ba na sayo sabo, kuɗin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Washegari ta sake ƙi, har mai kaya ya gaji da jira ya ba wata mota lodin.

Shawara kuwa na sha ta. Wani ya ce a fesa fetur ta wajen shan iska, wani ya ce a hura gawayi a ƙarƙashin injin. Na ƙi, don na taɓa ganin motar da aka yi wa gatan gawayi.

Daga ƙarshe wani dattijo Babarbare mai gyaran wayar mota ya zo. Shi ya fahimtar da ni cewa injin gas ba shi da filogin tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafin da za ta kunna man. In ƙarfen ya kwana cikin sanyi sai ya shanye zafin, shi ya sa aka sa wa kowace silinda hita mai yin ja kafin a tayar. Farin hayaƙin nan gas ne da bai ƙone ba.

Ya cire ƙarfen da ya haɗa kawunan hitocin, ya ɗauko ƙwan fitila mai waya biyu, ɗaya a kan jan kan batir, ɗaya yana taɓa kan kowace hita. Uku suka kunna ƙwan, ɗaya ta mutu. Na ce, "Baba, shi ke nan an gano." Ya ce, "A'a, Alhaji, hita ɗaya ba ta hana mota tashi, sai dai ta yi ta karkarwa." Ya sa aka murza makulli, ya gwada ƙarfen, babu wuta ko kaɗan. Fiyus lafiya lau. Da ya buɗe rilen da ke aika wa hitocin wuta, sai ga busasshiyar laka da tsatsa.

Ya dube ni ya ce, "Ina motar nan ta kwana ran da Alau ta ɓalle?"

Allah Sarki! A Gwange take ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya kai mata har gilashi. Bayan ya janye mun juye baƙin mai, mun wanke tanki, mun canza sitata, amma ɗan akwatin nan ba wanda ya tuna da shi, tunda a lokacin zafi ba a neman hita.

Da na ba ɗan yayata da ke karatu a Kanada labari, dariya ya yi. Ya ce su can a cikin injin ake dasa hitar da ke ɗumama ruwansa, wayarta na leƙowa ta gaba, a jona ta da lantarkin gida kafin a fita. Na ce masa ya fara aiko mana da lantarkin tukuna.

Rile da hita ɗaya muka saya, duka ba su kai rabin kuɗin batir ba. Da asuba na murza makulli, na jira fitilar hita ta mutu, na buga. Ta tashi. Tsohon batirin yana nan a zaure, yara na kunna fitila da shi.