Ziyara Zuwa Muizenberg, Inda Ake Auna Ƙwaƙwalwa Da Lissafi

Daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu muka shiga jirgin ƙasa muka nufi kudu, har muka sauka a Muizenberg, wani ɗan gari da ke tsakanin dutse da teku. A bakin gaɓa akwai wasu 'yan rumfunan katako jere, kowace da irin launinta. Ba su suka kawo mu ba, sai wani tsohon otal da aka mayar makarantar lissafi mai suna AIMS a shekarar 2003, bisa haɗin gwiwar jami'o'i uku na ƙasar da na Kambirij da Oksfod da wata ta Faransa.

A wannan gari ne, cikin Janairun 2017, aka fara wani taron karatu na mako uku mai suna Imbizo, wato taro da harshen Zulu. Ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku daga Afirka da ƙetare suka zauna wuri guda suna koyon yadda ake bayyana aikin ƙwaƙwalwa da lissafi da kwamfuta.

Fannin yana da asali. A 1952 Turawan Ingila biyu, Hodgkin da Huxley, suka auna wutar da ke gudana cikin jijiyar wata dabbar teku, suka tsara lissafinta. Da irin wannan lissafi ake nazarin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, mai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, da cututtuka irin su farfaɗiya.

To, abin lura shi ne, wannan ilmi bai faye bukatar injuna masu tsada ba. Jarinsa lissafi ne, da kwamfuta, da malami, da abokan muhawara. Ɗalibin da jami'arsa ba ta da malamin fannin yakan samu wanda zai duba aikinsa daga nesa, shi kuwa baƙon Turai ya koma gida da sanin cewa akwai gwanaye a nan.

Saboda haka, ya ku iyaye 'yan kasuwa, kada ku raina lissafin da yaro ya dage a kai. Ku kuma ma'aikata da takardar izinin tafiya karatu kan biyo ta teburinku, ku tuna cewa ranar rufe karɓar takardu ba ta jiran kowa. Fatake ba su taɓa samun riba suna zaune a ƙofar gida ba.