Fasika a Addis Ababa, Ista a Gida

A Arewacin Nijeriya, in ka tambayi yaron gidan Kirista bikin da ya fi girma, ba wata-wata zai ce maka Kirsimeti. Lokacin ne ake ɗinki, ake yanka, ake aika wa maƙwabta shinkafa da cincin. Ista kuwa, wadda a kanta bangaskiyar ta tsaya, sai ta zo ta wuce da hutun Jumma'a da Litinin. A Habasha abin a juye yake. Zamana a Addis Ababa ya nuna mini cewa Fasika, bikin tashin Almasihu daga matattu, ita ce uwar bukukuwa ga mabiya Ekklesiyar Otodoks, kuma ba a isa gare ta sai an ji jiki.

Ko ranar ma ba kullum take haɗuwa da tamu ba, don su da tsohon lissafi suke aiki. A 2024 mun yi Ista ran 31 ga Maris, su sai 5 ga Mayu. A 2025 aka yi dace, kowa ya yi ran 20 ga Afrilu.

Kafin ranar akwai azumin kwana 55. Ba nama, ba madara, ba man shanu, ba ƙwai. A ranakun aiki masu riƙo da gaske ba sa sa komai a baki sai wajen ƙarfe 3 na rana. Mahauta da yawa rufe rumfunansu suke, gidajen abinci su koma miyar wake da ganye. Ranar Jumma'ar gicciye kuwa a majami'a ake wuni, ana durƙusawa goshi a ƙasa ana tashi, har tsofaffi masu dogara sanda.

Daren Asabar ne abin kallo. A harabar majami'ar Medhane Alem ta unguwar Bole, ciki ya cika tun da wuri, saura suna waje cikin sanyi, kowa ya lulluɓa da farin mayafin saƙi, kyandir a hannu. Wata tsohuwa kusa da ni ta kare harshen wutarta da tafin hannu, kakin yana ɗiga a yatsunta, ko gezau ba ta yi ba. Firistoci suna rerawa da Gi'iz, tsohon harshen da yanzu ibada kaɗai ta riƙe shi. Da dare ya raba aka yi shelar tashi, sai manyan ganguna suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa, mutanen da yunwa ta ramar suka shiga rausaya. Ba a tashi ba sai wajen ƙarfe 3 na asuba. Daga nan kowa ya nufi gida a buɗe baki da miyar kaza mai albasa da yaji da dafaffen ƙwai. Da gari ya waye a yanka rago, ko a raba naman sa da maƙwabta suka yi watanda.

Maƙwabcinmu Musulmi zai riga mu gane wannan, shi da ya san yadda tuwon Sallah yake a baki bayan wata guda na ƙishirwa.

Mu namu farin cikin na rana ne, kuma ban raina shi ba. Sujadar sassafe, zumuntar mata cikin anko da tulunsu da kacau-kacau, sannan ran Litinin a ɗauki abinci a hau dutse, wai an tafi Galili. Katolika da Angilikan suna da azuminsu na kwana 40 tun daga Larabar Toka. Amma a yawancin ekklesiyoyinmu mutum yakan faɗo cikin Lahadin Ista ne daga kasuwa, bai rasa ko loma ɗaya ba. Ina murnar za ta sami zurfi?

Inda muka yi zarra shi ne bakin kabari. A Habasha makoki na kuka ne sosai, da baƙaƙen tufafi da rumfar zaman kwana uku. A gida kuwa na sha ganin matan zumunta sun kwana suna waƙa a gidan rasuwa, gwauruwar tana tsakiyarsu, hawaye na zuba, bakinta na amshi. Fasto ya ce wane ya yi barci, kuma jama'a sun yarda barcin ne. Ekklesiyoyin Filato da Kudancin Kaduna, da suka binne mutane da yawa ba a kan lokaci ba, ba sa bukatar kowa ya koya musu begen rai madawwami.

Begen muna da shi, shirin ne muka yi wa riƙon sakainar kashi. Ba na cewa a ɗora wa kowa kwana 55. Amma fastoci da dattawan ekklesiya, mako guda bai fi ƙarfinmu ba. A buɗe majami'a kowace yamma daga Lahadin Ganyen Dabino, a rage cin abinci, a kai abin da aka rage gidan gwauraye da marayu, kuma kuɗin ɗinkin yara a raba shi biyu, a ajiye wa Ista rabi.