Marainiyar Inna

A shekarun 1980, da rani ya kankama, 'yan farautar unguwarmu ta Gwammaja kan cika mota su da karnukansu, su nufi kudancin Kano, wajajen dajin Falgore. Ranar dawowa tun daga gindin Dala ake jin kiɗa da kirari, mu yara mu bi su da gudu.

Wata dawowar aka sauko da 'yar barewa a buhu, ko cibiyarta ba ta bushe ba. Uwar tana ɗaure a saman mota, an riga an yanka. Baba ya biya bai yi ciniki ba, ya miƙa wa Inna ya ce, "Ga marainiya, ki riƙe ta don Allah."

Inna ta sha fama. Nonon saniya ya sa ta zawo, sai aka koma na akuya, a ɗumama, a zuba a fidar ƙanena. Da yatsa ta koya mata tsotso. Cikin dare in ta yi ɗan siririn kukan nan, Inna ta tashi ta hura wuta ba ta taɓa ƙorafi ba. Ƙofar soro kuwa kullum a rufe, saboda karnukan da suka kayar da uwarta suna nan a lungunmu. Da ta yi ƙwari ta fara tsallake katanga, dole aka kai ta Gidan Zoo na Audu Bako. Inna ta ƙi rakiya.

Baba direban babbar mota ne mai zuwa Garwa a arewacin Kamaru, kuma a kan wannan barewa ya fara ba mu labarin karkanda. A lokacin akwai sauranta a can, a dajin Buba Njida. Ya ce masu harbinta ba ruwansu da nama: su sare ƙahon, su bar wa ungulu gawar, ɗanta na tsaye a gefe ya ƙi tafiya, domin shekara biyu zuwa uku yake yi yana bin uwa. Ƙahon a kai Yaman a yi ƙotar wuƙa, ko ƙasashen Asiya a niƙa wai magani, alhali sinadarinsa ɗaya da farce. Har yau abin na ci mini rai.

A 2006 masu bincike suka karaɗe arewacin Kamaru ba su ga karkanda ko ɗaya ba. A 2011 ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa baƙar karkanda ta yammacin Afirka ta ƙare a duniya. Da na gaya wa Baba, ya yi salati, ya tambaye ni, "Har na Buba Njida?" Na ce har su, Baba.