Waya a hannun ɗalibi: me muke aunawa?

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ake zaunar da yaron da ya taso a ƙauyukan Baure ko Zango ko Sandamu gaban na'urar da wataƙila bai taɓa taɓawa ba, a ce ya nuna iliminsa. Yanzu tambayoyi 180 ne cikin awa biyu. Idan ya faɗi, ba mai iya tantance ko karatun ne ya gagare shi ko na'urar ce ta firgita shi.

Waɗanda suka tsallake su ne ke zuwa ajina, kuma abin da nake gani ya saɓa wa zaton jama'a. Ɗalibi ya ƙware a WhatsApp da TikTok, amma ka ce ya tsara rubutu shafi biyu a kwamfuta, sai ido ya raina fata. Idan na cika allo da bayani, wayoyi ake ɗagawa a ɗauki hoto; hoton kuwa sau da yawa ba a sake buɗe shi sai daren jarrabawa. Tun da ChatGPT ya bayyana a ƙarshen 2022, aikin gida ya riƙa zuwa mini da Turanci tsaf, babu tuntuɓe ko ɗaya, alhali mai aikin ba ya iya fayyace sakin layi na farko.

Ban ɗora wa wayar laifi ba. Na san ɗalibar da ke naɗar lacca tana saurare yayin da take aikin gida, ta kuma fi kowa kawo tambaya mai ma'ana. Laifin yana ga ma'auninmu. Mun saba ƙirga kwamfutocin da aka sayo da ɗakunan da aka ƙaddamar, ba ma tambayar awa nawa wuta ta zauna a ɗakin, ko nawa ɗalibi ya kashe a data. Sababbin makarantun Daura, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, suna da damar gyara wannan tun ɗanyensa.

Ni dai na koma ga dabarar malaman zaure, waɗanda ba sa ƙara wa almajiri karatu sai ya biya na jiya. Duk wanda ya miƙo aiki, sai ya tsaya gabana minti biyar ya kare shi da bakinsa. Dabarar tana aiki, sai dai a ajin mutum 200, minti biyar-biyar ya haura awa 16, kuma babu jadawalin da ya tanadi wannan lokaci.