Foldar da Babu Faifai a Ƙarƙashinta

Wanda ya buɗe folda a kwamfuta yakan ɗauka cewa cikin faifai ya leƙa. A zahiri tambaya ya yi aka amsa masa: me ke cikin nan, mene ne girmansa, a ba ni abin da ke farkonsa. Shekaru da dama a Linux, mai ba da wannan amsa a cikin kanel yake zaune, wato cibiyar da ke riƙe da ragamar injin. Wurin kuwa ba ya yafe kuskure. Layi guda da aka rubuta ba daidai ba yana iya tsayar da kwamfutar ɗungurungum, aikin da ba a adana ba ya salwanta.

Miklos Szeredi, ɗan ƙasar Hangari, shi ya buɗe wa mai amsar ƙofar fita. Tsarinsa mai suna FUSE ya shiga kanel ɗin Linux 2.6.14 a shekarar 2005. Kanel ya karɓi tambayar, ya miƙa ta waje ta /dev/fuse, laburaren libfuse ya ɗauka, ya kira aikin da mai rubuta manhaja ya tanada. Ayyuka huɗu sun isa a samar da foldar da za a karanta: getattr, readdir, open da read. Babu ruwan kanel da inda amsar ta fito. Shi ya sa SSHFS, wanda Szeredi ɗin ya rubuta, ke nuna fayilolin wata kwamfuta mai nisa tamkar na gida, NTFS-3G kuma ya bai wa Linux damar rubutu a faifan Windows.

Sabon shiga yakan yi tuntuɓe a getattr, aikin da ya fi kama da maras muhimmanci. Idan ya ce girman fayil sifili ne, galibi fayil ɗin zai buɗe fanko, komai kyan abin da aka rubuta a read. Kanel ya yarda da maganarsa ta farko.

Akwai farashi, domin tambayar da kanel bai riga ya adana amsarta ba sai ta fita ta dawo, kuma jinkirin yakan fito fili a kan dubban ƙananan fayiloli. Amma cinikin ya yi riba. Ranar da manhajar ta faɗi, foldar ce kawai ke daina amsawa. A cire ta da fusermount, a gyara layin, a sake maƙala ta, sauran injin yana ta aikinsa.